Kokon Yaya Zuhura

Ta riga ta soka allurar a cinyarta, na miƙa mata kwanon koko ke nan, sai muka ji sallama a ƙofa. Tasi'u ne, mijin 'yarta, ya zo daga garin Silet da kwandon tumatir.

Yaya Zuhura ta tura kwanon bayan tabarma, ta ja mayafi.

"Yaya, ki sha," na ce a hankali.

"A gaban suruki? Barira, kin haukace?"

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Gataa El Oued. Tun da ciwon sukari ya taɓa mata zuciya, likita ya ɗora ta a kan allurar insulin, ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa kullum da safe. Ya ce tafiyar na ƙara wa zuciya ƙarfi, amma ya ja kunnenmu da Larabci, ya sake da Faransanci: allura, abinci, sannan tafiya. A randata muke ajiye kwalbar, a naɗe cikin tsumma, don ba mu da firji. Ni ce 'yar rakiyarta. Har numfashinta ya fara gyaruwa, tana yi mini dariya idan na riga ta gajiya.

Tasi'u ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. Gaisuwa ta yi tsawo. Ina gona, ina ruwa, ina yarinyar. Ni dai kwanon nake kallo.

"Tasi'u, ko za ka leƙa waje kaɗan?" na ce.

Ta harare ni. "Bar shi ya huta, daga nesa yake."

Da ya tashi tafiya sai ta ce za ta taka masa zuwa tashar taksi.

"Inna, ki zauna," in ji shi.

"Ai likita ne ya ce in yi tafiya."

Na ƙulle sukari a bakin zanena na bi su. Kafin mu wuce inda 'yan Damagaram ke buga bulo, gumi ya jiƙa mata wuya. Na kwance ƙullin. Ta girgiza kai, ta nuna mini bayan Tasi'u da ido.

"Bari ya shiga mota," ta raɗa.

Bai kai ga shiga ba. Ta dafe ƙirji ta zame a jikin bango. Na cusa mata sukari a baki ina kiran sunan Allah. Tasi'u ya ɗauke ta cak, shi da ko idonta bai taɓa kallo ba. A cikin taksin da muka tara zuwa asibiti ta buɗe ido, ta ga a kan cinyar wa kanta yake, ta lalubi mayafinta.

"Barira, rufe ni."

Na rufe ta.

A asibiti suka ce sukarin ne ya faɗi, zuciyar kuma ba ta iya ɗauka ba. A can ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Da na shiga ɗakinta in kwashe tabarmi saboda masu gaisuwa, na tarar da kwanon a inda ta tura shi. Kokon ya yi sanyi, ya kama fata a sama, ludayin na tsaye a ciki.