Taku Sittin Zuwa Gaban Malamai

Da Haladu ya san abin da safiyar Larabar nan za ta haifar, da ya kama bakinsa ya wuce kara, kasuwar dabbobi, wurin sayar da harawarsa.

Wata biyu ke nan da ya ɗauko 'yarsa Khaulat a babur daga Islamiyya, ya kauce wa wata akuya a gangaren gadar Wudil, suka zube. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita kuwa ƙwaurinta na hagu ya karye. Malam Tasi'u mai ɗori na Darki ne ya haɗa ƙashin, kuma ranar da ya kwance ɗorin sai da ya ja kunnen Haladu.

"Yau taku biyar, gobe shida. Kullum a ƙara ɗaya tak. Ƙashi ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa."

Khaulat ta riƙe maganar nan gam. Kullum bayan karin kumallo sai ta dafa tsohuwar taɓarya, mahaifiyarta Talatu na ƙirga mata. Ran Laraba ta kai taku goma sha tara, har tana tsokanar uwar cewa saura kaɗan ta riga ta zuwa rijiya.

Haladu ne bai yi dariya ba. Saura kwana goma a yi bikin saukar karatun ajinsu. Tun jiya ya je filin makarantar ya auna da ƙafarsa: daga inda ɗalibai za su zauna zuwa gaban malamai, inda kowa zai karanta ya karɓi allonsa, taku sittin ne. Ya riga ya hango yadda za a ɗauke ta cak a gaban jama'a, ana nuna shi da baki, ana cewa ai uban ne ya kayar da ita.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ƙara ko goma mana. Na ga ƙafar ta yi ƙwari."

"Malam, ba haka mai ɗori ya ce ba," in ji Talatu.

"Mai ɗori zai je filin sauka ne? A wannan tafiyar hawainiya sai an yaye 'yan bayansu ba ta isa ba."

"To hawainiyar dai tana isa inda za ta."

"Ke dai ƙirga kawai."

Talatu ta ƙi ƙirgawa, ta koma kan wanke-wankenta. Shi ya karɓa. Khaulat ta dubi fuskarsa, ta gyara riƙon taɓaryar. Ashirin. Ashirin da biyar. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, ya gani sarai, ya ce, "Yauwa, uwata, saura kaɗan zaure." A taku na talatin da ɗaya ƙafar ta lanƙwashe, taɓaryar ta yi gefe, yarinyar ta tafi ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Da ya durƙusa zai ɗaga ta, cewa ta yi, "Baba, ka yi haƙuri, na kasa."

Gara a ce zaginsa ta yi.

Suka hau a-daidaita-sahu zuwa Darki. Talatu ta ɗora ƙafar a cinyarta, idonta na kan gonakin gefen hanya. Ƙwaurin ya kumbura sumtum.

Malam Tasi'u ya shafa wurin a hankali, ya tambaya, "Taku nawa ta kai?"

"Goma sha tara," in ji Khaulat da sauri. "Santsi ne ya kwashe ni, Baba Malam."

Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yarinyar da za ta yi sauka nan da kwana goma, ga ta tana ƙarya don ta rufa masa asiri.

"Babu wani santsi," ya ce. "Talatin da ɗaya ta yi. Ni na sa ta."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Kai da ke sayar da harawa, ka taɓa jan wake da hannu don ya yi saurin yaɗo?"

Haladu ya sunkuyar da kai.

"Sai kumburin ya saɓe zan gane," in ji Malam Tasi'u, yana naɗe ƙafar da tsumma. "In jijiya ce ta gurɗe, da sauƙi. In ƙashin ne ya goce, sai an sake ɗori, a koma farko. Ku dawo ran Asabar. Kafin nan ko tsayuwa ban yarda ba."

Haladu ya goya 'yarsa zuwa bakin titi, Talatu na biye da takalmanta a hannu. Ko ƙashin ya goce ko bai goce ba, ko Khaulat za ta tsaya da ƙafarta ranar sauka, babu wanda ya sani a cikinsu.