Kwana Taran Horace

Tun kafin a kashe fitilun silima Horace ke ta satar kallon ƙofa. La'asar ce ta Asabar, kuma duk layinsu ya hallara, mahaƙa kwal da matansu, kowa ya ci ado, domin fim ɗin na ƙaninsa Cyril ne. Wasan kwaikwayo ne da ya shekara biyu yana kashe mutanen Landan da dariya, sannan aka mai da shi fim.

"Yayan marubuci!" in ji maƙwabcinsa Ogden daga baya, yana bubbuga kafaɗarsa. "In muka gan ka a ciki, yau giyarmu a wuyanka take."

Horace ya yi yaƙe, ya saci kallon matarsa Mavis.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin yana aiki a ramin kwal na wani ƙauye, rufi ya rufta ya danne abokin aikinsa a gabansa. Bayan jana'iza ƙafafunsa suka ƙi shiga kejin da ke sauka da mutane cikin ramin. Ya aika wa manaja cewa yana kwance. Kwana tara yana fita da gwangwanin abincinsa, ya wuni ɓoye a wani kango, da yamma ya shafa ƙurar kwal a fuska ya dawo gida. Cyril kaɗai ya faɗa wa. A garin nan ana yafe wa mashayi, ana yafe wa ɓarawon zomo, amma wanda ya ji tsoron rami har jikokinsa sai an goranta musu.

Fim ɗin bai yi nisa ba sai ga labarinsa. Wani mai gashin baki ya laɓe a akurkin kaji, yana makyarkyata, yana goga baƙin tukunya a kumatu. Ɗaki ya ɓarke da dariya. Kafin mutumin ya shirga wa matarsa ƙarya, sai ya yi tari sau biyu, irin tarin Horace sak.

"Ragon banza!" Ogden ya yi ihu. "A ba shi siket!"

Horace ya riƙe hannun kujera gam. Mutum ɗaya ya isa ya tona masa asiri, in ya waiwayo ya ce, kai, wannan tarin fa? Maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Ya danne tarin har hawaye suka zubo, sai aka ɗauka dariya ce.

Da aka tashi ana yayyafi. Mavis ta saƙalo hannunsa, suka nufi shagon soyayyen kifi.

"Na yi dariya," in ji ta. "Amma da gani ka san Cyril gwauro ne."

"Me kika gani?"

"Wai matar ba ta gane ba! Macen da kullum ita ke cuɗa bayan mijinta a baho gaban murhu? Ta ga fuska baƙi ƙirin, baya kuwa tas kamar na jariri? Ai ranar farko za ta gane."

Horace ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ta.

"To in ta gane, me za ta yi?"

"Sai ta cuɗa mana. Ta zubar da ruwan ta bayan gida, kada maƙwabta su ga bai yi baƙi ba." Ta gyara masa wuyan kwat ba tare da ta dube shi ba. "Taho, tsoho, kada kifin ya ƙare."