Allon Baba Stevan

Shekara bakwai ke nan ina cikin zaurenmu na intanet, inda masu zane na birnin Novi Sad muke haɗuwa, mu da ba mu da ofis sai teburin ɗaki. Nan ake tambayar wace maɗaba'a ce ba ta ɓata launi, nan ake kai ƙarar masu ba da aiki. Ina cikin masu ba da shawara, har sababbin shiga suna ce mini Yaya Radmila.

Wata Talata da hantsi Uroš ya ɗora hoto. Shi ne sarkin surutun zauren; ya taɓa yin wata takwas yana aiki a Berlin, kuma bai bar kowa ya manta ba. Hoton allon wani gidan burodi ne a unguwar Telep, inda ake sayar da burek, wani gasasshen abincin fulawa mai cuku ko nama a ciki. A ƙasa ya rubuta: "Jama'a, wa ya yi wannan aika-aika? A nemo shi."

Ni ce.

Abin da na fara kai wa mai shagon, Baba Stevan, baƙin rubutu ne siriri a kan fari, da zangarniyar alkama guda. Ya dube shi ya ce, "'Yata, burek nake sayarwa ko maganin ciwon kai?" Ya ce a mai da shi ja. Ya ce harufan su yi ƙiba. Daga baya ya kawo hoton marigayiyar matarsa riƙe da faranti, ya ce a sa ta a tsakiya, rana na fitowa a bayanta. Sau tara ina gyarawa, kowane karo ina yi masa bayani, yana gyaɗa kai, yana cewa, "Gaskiyarki, amma a ƙara ja."

Kafin azahar mutum sittin sun tofa albarkacin bakinsu. Wani ya ce idonsa ya yi jini. Wata yarinya da na kwana biyu ina koya wa shirya fayil don bugawa ta rubuta: "Yaya Radmila, zo ki ga abin da kike hana mu!"

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Kofina ya huce. Can dai na ce wa kaina ɓoyon na mene ne, na ɗora zanen farko kusa da hoton allon, na rubuta: "Aikina ne. Ga yadda ya fara, ga yadda mai shi ya so."

Na ɗauka za a yi shiru. Ina! Uroš ya ce, "Ayya, Radmila, ba da ke nake ba. Amma a Berlin mu ke tarbiyyantar da mai ba da aiki." Ya jero mini shawarwari goma sha biyu, uku daga ciki nawa ne da na rubuta a zauren bara. Wani kuma ya ce ai zanen farkon ma tazarar harufansa ba daidai ba ce. Aka bar allon, aka koma musu kan tazara har yamma.

Na rufe kwamfuta na hau keke sai Telep, da niyyar in ce a sauke allon, in yi wani kyauta. Na tarar da layi har bakin titi. Baba Stevan ya hango ni, ya fito hannu duk gari.

"Ga gwanata! Kin san yau samari uku suka tsaya suna ɗaukar allon nan hoto?"

"Baba, dariya suke yi masa."

"To, sun yi dariyar, sun sayi burek. Ina laifi?"

"Sunana ne ke ɓaci wurin abokan sana'a."

"Su abokan sana'ar sun san Milena?" Ya nuna hoton matar da haɓa. 

Ya naɗo mini burek mai cuku da ƙoƙon yogot, ya ja ni bayan shago, inda wata farar mota ke tsaye.

"Jiya na saye ta," in ji shi. "Irin zanen allon nake so a jikinta, gefe da gefe. Sai dai wannan karon a ƙara girman ranar."

Na zauna a kan buhun gari na ci burek ɗin, ya fi na kullum gishiri. Sannan na ce ya samo mini awon ƙofar motar.