Tawada a Kan Bawul

A garejin nan kowa Sai-Na-Gwada yake ce masa. Shekara arba'in da ɗoriya yana kwance injin yana ɗaurawa, kuma duk wanda ya ce masa "ai daidai yake, Baba," amsar da zai samu ke nan. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, amma ba ya magana biyu, ko maƙiyinsa ya shaida wannan.

Abin da yake ɓoyewa shi ne idonsa. Tun bara ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, ciwon daga ciki yake. Tsohon ya ninke takardar asibitin ya cusa a ƙasan akwatin sifanoni, ko matarsa bai gaya wa ba. Hannu ya ci gaba da yi masa aikin ido. Yatsansa na taɓa noti ya san sifanar da za ta kama shi.

To amma babban ɗansa ba wawa ba ne. Shi ne ma'aikata ke kira Manaja tun ranar da ya shigo da kujera mai juyawa ofis. Ya ga uban ya tsiyaya mai a gefen mazurari, ya kuma ga ya gaishe da tsohuwar taya da aka jingina a bango yana zaton mutum ne a tsugunne. Wata rana a gaban kowa ya ce, "Baba, ranar da ta tabbata idonka ya daina gani, za ka ba ni mabuɗin kabad ɗin nan ka zauna gida ka huta."

"In ta tabbata, na yarda," in ji tsohon, ransa a ɓace.

Kabad ɗin na ƙarfe ne, a ciki kayan awo suke. Mai riƙe da mabuɗinsa shi ke cewa a rufe injin ko kar a rufe. Ga Sai-Na-Gwada, rabuwa da wannan mabuɗi da zama a ƙofar gida yana korar ƙuda duk ɗaya ne da a ce ya mutu.

Ran nan da hantsi ya shigo ya tarar Manaja da ma'aikata sun yi wa tsohuwar motar burodi rumfa. Injinta ne ya yi zafi har kansa ya lanƙwashe, aka kai kan wajen masu injin gogar ƙarfe suka kankare shi ya miƙe. An dawo da shi, an ɗaure, saura a kifa murfi. Direban motar, wani ƙato mai surutu, yana ta zagaye yana duba agogo.

Tsohon ya zura hannu ya shafa inda kan injin ya haɗu da gangar jikinsa.

"Nawa suka kankare?"

"Ɗan kaɗan ne, Baba," in ji Manaja.

"Karo na nawa ke nan?"

Direba ya yi caraf. "Na biyu. Bara waccan ma an yi."

"Kuma fushrod ɗin da kuka cire su kuka mayar?"

Manaja ya ce, "Lafiyarsu ƙalau. Na mirgina su a kan gilashi, babu wanda ya karkace."

"Ban tambaye ka karkata ba, tsayi nake tambaya."

Fushrod su ne sandunan ƙarfen nan sirara guda takwas da ke tasowa daga cikin injin su tura roka, ita kuma roka ta sunkuya ta danna kan bawul, wato ƙofar shigar mai da fitar hayaƙi, ya buɗe. In an kankare kan injin, ya sauka ƙasa ke nan, sandunan kuwa suna nan da tsayinsu na dā, kamar a rage tsayin ɗaki a bar ginshiƙi yadda yake. Sai roka ta riƙa danna bawul a gefe maimakon tsakiya, tana cinsa a hankali. Mota za ta tashi lafiya lau, ta yi wata uku tana gudu, sannan ta fara shan mai tana hayaƙi.

Manaja ya san wannan sarai, uban ne ya koya masa. Amma ya ce, "Baba, na yi saiti, komai ya zauna. Bawan Allah nan tun shekaranjiya yake jira."

"Wallahi kuwa," in ji Direba. "Maigidana ya ce in azahar ta yi ban fito ba, wani zai ba layina. Ku rufe min abina, Baba, ai ba jirgin sama ba ne."

Sai-Na-Gwada ya ɗauki murfin injin daga kan benci ya maƙale a hammata.

"Haba Baba, mene ne haka kuma?"

"Duk mai son murfin nan ya zo ya ƙwata."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Wa zai yi kokawa da tsoho ɗan shekara saba'in a kan murfi? Manaja ya harɗe hannu a ƙirji ya ce, "To, gwada." Bai ƙara ko kalma ba, amma tsohon ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Gwajin nan na ido ne. Rabonsa da yinsa tun kafin dishi-dishin ya yi ƙarfi. Ya san haka tun lokacin da ya ɗauki murfin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ya kwance mabuɗin daga igiyar ƙugunsa, ya buɗe kabad, ya lalubo alƙalamin tawada mai kaurin baki. Ya kwance roka ɗaya, ya shafe kan bawul da baƙar tawada, ya mayar da rokar ya ɗaure har sandar ta daina wasa tsakanin yatsunsa. Sannan ya kafa doguwar sifana a gaban injin ya juya shi da hannu, zagaye biyu cif. Duk inda roka ta goga, nan tawada za ta goge, ƙarfe ya fito fari. In layin ya fito siriri a tsakiya, tsayin sanda daidai ne. In ya gudu gefe, akwai magana.

Ya sake cire rokar, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe. Ya goge tabarau da bakin riga ya mayar. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Babu abin da ya gani sai wani baƙin ɗigo yana iyo a cikin toka-toka.

Har mai walda ya kashe wutarsa yana kallo.

Zuciyarsa ta ce masa, ka ce yana gefe mana. Ai kusan ya tabbata haka ne: kankara biyu, tsofaffin sanduna, me ya rage? Yana faɗa da ƙarfi babu mai musa masa, mabuɗi ya kwana a ƙugunsa. Har ya buɗe baki. Sai ya tuna yawan mutanen da ya kora daga bencin nan saboda sun ce masa "ina jin daidai ne." Ya ji kunya ta kama shi, fushi ya biyo baya. Shi, a wannan shekarun, ya yi wa injin duba irin na boka? Allah ya kiyaye!

Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Ba na gani. Kun ji ko? Ba na ganin layin. Kai, zo ka karanta min."

Manaja bai motsa da wuri ba. Abin da yake jira wata da watanni ga shi ya faɗo masa a hannu, amma fuskarsa ba ta mai murna ba ce. Ya tako a hankali ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Tsohon ya san abin da yake aunawa: in ya ce tsakiya ne, murfi ya hau, mota ta fita, babu wanda zai ce Manaja ya yi kuskure a gaban ma'aikatansa.

"Ina jinka," in ji tsohon. "Kuma ka tuna ɗan wa kake."

"Yana gefe, Baba," Manaja ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ta wajen salansa. Ga shi da faɗi."

"Ban ji ba, ka san tsufa."

"Na ce yana gefe! Sandar ta yi tsawo."

Direba ya dafe kai. "Na shiga uku! Burodina!"

"Burodinka ba zai mutu ba," in ji Sai-Na-Gwada. "Kira maigidan naka ka ce ya zaɓa: yini ɗaya yau, ko sabon kan injin bayan wata uku. In ya yi gardama ba ni shi."

Daga kabad ya ɗauko wata sanda da ya ƙera da hannunsa tun Manaja yana goye: tsohon fushrod ne ya yanka biyu ya haɗa da ƙusa mai murɗi da noti, ana murɗa ta ta ƙara tsayi ko ta ragu. Ya murɗa ta ya rage, ya sa a gurbin waccan. Ya shafa tawada, ya ɗaure, ya juya injin.

"Karanta."

"Ya matso, amma da saura."

Ya ƙara ragewa. Wannan karon ya wuce, layin ya leƙa ɗaya gefen. Tsohon ya yi tsaki ya mayar da rabin murɗi. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya cire rokar a karo na huɗu, Manaja ya duba ya sake dubawa.

"Tsakiya, Baba. Siriri kamar zare."

"To auna ta, ka rubuta, ka aika a nemo masu wannan tsayin."

Sai a lokacin ya ajiye murfin a kan benci. Ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya zare mabuɗin daga jikin kabad, ya kamo hannun ɗansa ya danƙa masa.

"Baba, bari mana. Ba yau ba. Mu yi magana a gida."

"Na ce in ta tabbata. Ta tabbata, kuma da bakina na faɗa, ba wanda ya kama ni." Ya cusa masa alƙalamin tawadar a aljihun riga ya daddanna. "Kabad ɗin nan ba na ado ba ne."

Wani ma'aikaci ya matso zai riƙe masa hannu, ya doke hannun. Taku goma sha tara ne daga benci zuwa ƙofa, ya san su kafin a haifi mai son yi masa jagora. Yana tafiya yana sane cewa gobe da safe zai farka babu inda za shi.

Ya kai taku na goma sha biyar ya ji muryar Direba a bayansa: "To Manaja, in sababbin sun zo ai ɗaurawa kawai za ka yi in kama hanya, ko? Tunda an riga an auna."

Tsohon ya tsaya cak, bai waiwaya ba.

"A'a," in ji Manaja. "Sai na gwada."

Sai-Na-Gwada ya juyo ya daka tsawa har kwanon rufin ya amsa:

"Duka takwas ɗin, ba guda ɗaya ba!"

Sannan ya ƙarasa sauran taku huɗun ya fita titi.