Murafan Inji

Mu uku ne a ƙungiyar makarantarmu ta gasar rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, kuma ni ce wadda ba ta taɓa kibod. Yaron da muke kira Yatsu ke bugawa, don hannunsa ba ya jiran kansa. Wadda muke kira Lissafi ke gano hanyar warware tambaya. Ni kuwa Inji suke ce mini, kuma kada ku ɗauka yabo ne.

Kwamfutar makarantarmu guda ɗaya ce, awa biyu muke samunta a mako. Sauran ranaku a takarda ake rubutu, ni in zama kwamfutar. Ina da murafan kwalba da nake kwasowa daga shagon Baba, kowane murfi yana tsayawa a madadin lamba ko mutum. Su karanta layi, ni in aikata abin da layin ya ce, ba abin da suke nufi ba. Ko rami na gani, in dai an ce in taka, takawa nake.

Ana saura kwana uku gasa Malam ya tara mu.

"Ƙungiya biyar ke wucewa zagaye na gaba," ya ce. "In ba mu shiga ba, zan canza mutum ɗaya. Muna buƙatar hannu mai sauri."

Bai kalle ni ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Zauren gasar tebur talatin ne, kowanne da kwamfuta ɗaya da kujeru uku, ga babban allo yana nuna matsayin kowa. Ƙa'idar ita ce, duk amsar da aka aika ba daidai ba, a ƙara wa ƙungiya minti ashirin a matsayin tara. Ina zazzage murafaina, wata a teburin gefe ta leƙo.

"'Yar'uwa, lemo kika zo sayarwa?"

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da jera su.

Saura minti goma sha biyu a tashi, mun ci tambaya uku, muna na shida. Teburin gefe ne na biyar: sun ci huɗu, amma da tara biyu a kansu. In muka ci ta huɗu ba kuskure, mun haye su. In muka kuskure ko sau ɗaya, shi ke nan.

Tambayar kan layin asibiti ce, a gano wa likita zai kira a kowane minti. Yatsu ya gama, misalan da aka bayar duk sun fito daidai.

"In aika?"

"Tsaya," na ce. "Ban bi ba."

"Haba Inji! Ga kwamfuta ta gaske ta ce daidai ne, ke kuma a wa?"

Lissafi ta janye hannunsa daga kibod. "Ba ta minti uku. Karanta mata."

Ya shiga karantawa kamar ana korarsa. Na jera murafai huɗu, marasa lafiya ke nan. Ɗauki na gaba, na ɗauka. Ɗauki na gaba. In ban gano kuskure ba, na cinye musu lokaci a banza. Murfi na biyar na riƙe shi a cinya, na ce wannan ya makara, bai iso ba tukuna.

"Ɗauki na gaba," in ji Yatsu.

Na miƙa hannu, na dafa tebur. Ba komai a wurin.

"Wa zan ɗauka?"

"Na gaba mana!"

"Layin ba kowa. Ba ka faɗa mini abin da zan yi ba in ba kowa."

Ya zuba wa hannuna ido. Sai ya ce, "Kai, na shiga uku," ya ƙara layi biyu a kod ɗin. Muka aika saura minti huɗu.

Allon ya yi ta tunani har na fara addu'a a fili. Da ya nuna kore, alamar mun ci, Lissafi ta rungume ni da ƙarfi, murafai suka watse a ƙasa. Mun koma na biyar, kuma a nan aka tashi.

Ina durƙushe ina tsincewa na ga takalman Malam. Ya sunkuya da kansa, ya zaro ɗaya daga ƙarƙashin kujera, ya goge shi da hannun riga.

"Nawa ne duka?"

"Ashirin, Malam."

"A zagaye na gaba tambayoyin sun fi tsawo. Ki gaishe da Baba, ki ce a ƙaro mana."

Ya sa mini murfin a tafin hannu, kuma wannan karon ni yake kallo.