Wule Ta Koma Baya

Shekara goma sha ɗaya Inna Safiyyatu tana tatsar Wule kafin kowace saniya a rugarsu da ke kusa da Fakku. Wule gado ce daga mahaifiyarta, ita ce babbar garke, kuma ba a tsallake babba a taɓa ƙarami.

Da damina ta faɗi sai hantsar Wule ta kumbura, nononta ya riƙa fita da gudaji. Sau uku ana yi mata allura, ciwon ya lafa, ya dawo. Kafin wata biyu ciwon ya kama wasu shanu huɗu. Bakwai suka rage masu lafiya, da su ake ci da gida.

Jikarta Naja'atu, mai karatun lafiyar dabbobi a Sakkwato, ta zo hutu. Ta tsaya da safe tana kallo: Inna ta jiƙa hannu da nonon Wule don santsi, ta gama, ta matsa ga ta gaba da hannun nan.

"Inna, ke ka raba musu ciwon ga."

"Ni? Ke 'yar boko, tun uwarki ba ta yi haƙori ba nika tatsa!"

"Ƙwayoyin cutar wayo gare su, tsohuwa. Wani yauƙi suka yi su lulluɓe kansu can cikin hantsa, allura ta zo ta wuce ba ta iske su ba. In ta lafa su fito, su hau hannunki. Wule ta koma ƙarshe, ita da masu ciwo. Ki wanke hannu da sabulu tsakanin kowace."

"Mi za ni ce mata?"

"Saniya ce fa, Inna."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban tafin hannunta.

Washegari Wule ta taho da kanta kamar kullum, ta tsaya gaban ƙwarya. Inna ta ɗauki ƙwaryar ta kewaye ta. Wule ta bi ta, tana tura mata kai a kafaɗa, tana kuka. Ƙarsana mai haihuwar fari Inna ta fara tatsa, ba ta waiwaya ba.

"Ɗaure Wule ga turke," ta ce wa Naja'atu. "In na dube ta, ba ni iyawa."

Da aka zo kanta, Wule ta riƙe nononta, ko ɗigo. Kwana uku tana haka. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta ci amanar dabba. Inna ta sa aka sayo mata sabulu sanda guda daga kasuwar Kebbe, ta yanka shi gunduwa-gunduwa.

Har kaka ta shigo, bakwai ɗin nan babu wadda ta kumbura. Wule kuwa kan nono ɗaya ya mutu, ukun suna ba da ɗan abin da ya samu. Naja'atu ta koma makaranta, Inna ta koyi ɗaure Wule a turken da kanta.