Durƙuso Biyu

Sau uku dattijuwar nan mai jar rigar sanyi tana ɗaga hannu, sau uku mai gabatarwa tana tsallake ta, kuma duk tsallakewar sai Pyo Eun-sil ta saki numfashi. Tana tsaye jikin bango kusa da ƙofar fita, tafin hannunta sharkaf da zufa. Tun ana nuna fim ɗin ta lura da matar. Da aka zo ƙarshe, jama'a na rufe ido don tsoro, ita kuwa ƙirga take yi da yatsu.

Asabar ce da la'asar a wani gidan silima na birnin Daegu. An kunna fitilu, Darakta Maeng ya hau dandamali ya harɗe ƙafa yana amsa tambayoyin 'yan kallo. Fim ɗin na fatalwa ne: wata budurwa ta koma ƙauye wajen mahaifinta, kullum da safe sai a tarar da sawun ƙafa jiƙe a tsakar ɗaki. A rubuce, fatalwar uwarta ce da ta nutse a madatsar ruwa, amma Maeng ba ya faɗa. Wani ɗalibi ya dage cewa ita budurwar ce ta haukace, wani mai katon ciki ya ce da shi ya koma ya sake kallo da tabarau, aka yi dariya. Maeng ya ce duk su biyun su ci gaba da faɗan a waje.

Eun-sil ba ta yi dariya ba. Aikinta a wurin ɗaukar fim shi ne ta tabbatar abin da aka ɗauka bai saɓa wa abin da aka rubuta ba, kuma shekara goma sha ɗaya ko tsinke bai taɓa wuce ta ba. Shi ya sa Maeng ya ce ita ce mataimakiyarsa a fim na gaba. Shi kuwa mutum ne da ya taɓa korar wani saboda takalmi ɗaya da aka juya, ya bi shi da waya kamfani-kamfani kada kowa ya ɗauke shi aiki, yanzu yaron tuƙin babur yake yi yana kai wa mutane soyayyar kaza.

To, ga abin da ya wuce ta. A ƙarshen fim budurwar za ta durƙusa ta kai goshi ƙasa ta yi wa mahaifinta sallama. Sau ɗaya, yadda ake yi wa mai rai. Amma Hwa-jin, 'yar wasan, ranar ta dawo ke nan daga jana'izar mahaifinta na gaske, ta yi kwana uku tana durƙuson mamata, wanda sau biyu ake yinsa, sai jikinta ya yi abin da ya saba. Sau biyu ta yi. Kuka take, kowa kuka yake, har Eun-sil. Wurin tacewa aka sa hoton ƙofa tsakanin durƙuson biyu, ido ya ɗauka guda ne aka nuno daga gefe biyu. Sai Talatar da ta wuce Eun-sil ta gani a babban allo, tun daga nan abinci ya daina wuce mata.

Mai gabatarwa ta ce saura tambaya ɗaya, ta nufi layi na uku, inda dattijuwar take.

Dattijuwar ta miƙe a hankali, ta riƙe makirfo da hannu biyu.

"Yallaɓai Darakta, ni ban san fim ba, jikata ce ta jawo ni. Amma na binne miji, na binne ƙanne biyu. Yarinyar nan sau biyu ta durƙusa wa ubanta. Ashe tsohon nan ya daɗe da mutuwa?"

Zauren ya ɓarke da surutu. Wata ta ce ai shi ya sa tsohon bai taɓa kai cokali baki ba. Ɗalibin nan ya miƙe yana cewa sawun ma na namiji ne, tun farko ya yi zargi. Mai katon ciki ya ce masa ya zauna, ɗazu ba haka ya ce ba. Gaskiyar magana, dattijon da ya fito a matsayin uban haƙoran roba ne suke damunsa shi ya sa bai ci ba, sawun kuwa na mai haɗa kayan wasan ne. Eun-sil ta san duk wannan.

Maeng bai motsa ba. Idonsa ya bi zauren har ya sauka a kanta, ya tsaya. Ta ga kunnuwansa sun yi ja, alamar da duk ma'aikatansa suka sani. Ta ce a ranta shi ke nan, kashinta ya bushe.

Sai ya ɗaga makirfo yana murmushi.

"Gari huɗu muka zaga, Baba. Sai yau aka samu mai ido."

Tafi ya kaure. Ya ci gaba da bayanin yadda ya yi wata shida yana tunanin durƙuson nan, yadda ya ɓoye shi don mai haƙuri. Eun-sil ta tuna Hwa-jin a ƙasa kafaɗunta na rawa, wani baƙin ciki ya tokare ta. Hawayen marainiya ne yake tallatawa a matsayin basirarsa, ko kunya babu.

A lungun bayan dandamali ya tare ta. Ya jira har mai gabatarwa ta wuce.

"Kin sani?"

"Tun Talata, Yallaɓai."

"Takardar aikinki ta ranar. Me kika rubuta?"

"Durƙuso ɗaya, yadda yake a rubuce. Ka sa hannu a ƙasa."

Ta sunkuyar da kai tana jiran tsawa. Tsawa ba ta zo ba. Da ta ɗago sai ta ga yana leƙen ƙofar zauren, inda 'yan jarida biyu ke jiransa, kuma rabin 'yan kallo sun riga sun ɗauki maganarsa a waya. Ya tambaye ta ko wani ya ga takardar. Ta ce babu. Ya ce ta kawo masa ita gobe, da muryar da ba ta taɓa jin ya yi wa na ƙasa da shi magana da ita ba.

Sai a lokacin ta gane ba ita kaɗai ke zufa a lungun nan ba. Takardar nan ce shaidar ƙaryar da ya yi wa jama'a, sai bakinta ya riga ta.

"Kayana a hargitse suke, Yallaɓai. Zan neme ta a tsanake, in mun gama sabon fim."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya ce ranar Litinin ƙarfe tara za a fara zagayen neman wuraren ɗauka, kada ta makara.